Kafin Ka Aika Kwamfutar da Ka Yi wa Ƙari Wurin Gyaran Garanti

Gabatarwa

An tanadi wannan bayani ne domin malaman yaƙi da jahilci, da masu sa ido a kan cibiyoyin karatun manya, da sakatarorin ƙungiyoyin manoma da na mata, da duk wanda ke riƙe da kwamfutar tafi-da-gidanka a gundumomin Illela, Malbaza da Birnin Ƙonni na jihar Tawa. A wannan yanki namu da wuya ka ga kwamfutar da ta shekara a hannun mai ita ba tare da an yi mata wani canji ko ƙari ba. Wani ya ƙara mata ƙarfi, wani ya sauya mata madannai, wani kuma ya yanke kan cajarta ya sa wani. Ba a ganin illar haka sai ranar da ta tsaya, aka tuna cewa tana da garanti.

Shekarun baya, wata abokiyar aikina da ke kula da cibiyoyin karatun mata a ƙauyukan da ke tsakanin Illela da Badagishiri ta ga haka da idonta. Kwamfutarta ba ta cika shekara ba gilashinta ya ɗauke. Ta ba direba ya kai wa kantin da ya sayar mata, shi kuma ya tura ta wurin gyara. Bayan makonni na'urar ta dawo garau, ba a karɓi ko dala ba. Amma da ta kunna, sai ta tarar da ita wayam, kamar ranar da aka fito da ita daga kwali. Rajistar ɗalibai, da sakamakon gwajin ƙarshen zango, da daftarin littafin koyon karatu da ta daɗe tana rubutawa, duk sun tafi. Masu gyaran ba su zalunce ta ba, domin takardar garantin ta ba su izinin yin haka. Ita ce dai ba ta karanta ba, kuma mu da ke tare da ita ba wanda ya tunasar da ita. Don kada irin wannan ta same ka aka rubuta abin da ke tafe.

Mene ne garanti?

Garanti alkawari ne cewa idan wani aibi ya bayyana a cikin na'ura, wanda asalinsa daga ƙira ne ko daga kayan da aka haɗa ta da su, za a gyara maka ita ko a musanya abin da ya lalace ba tare da ka biya ba, muddin wa'adin da aka ɗiba bai wuce ba. Ka lura da iyakar wannan alkawari. Ya shafi na'urar ne yadda ta fito daga masana'anta. Bai shafi abin da ka ƙara mata ba, bai shafi ɓarnar da ta auku a hannunka ba, kuma bai shafi rubuce-rubucen da ka ajiye a cikinta ba.

Wannan ƙa'ida ba baƙuwa ba ce a gare mu. Wanda ya sayi sa a kasuwar Badagishiri, ya kai gida ya gano wani tsohon ciwo da aka ɓoye masa, yana da hakkin mayarwa. Malaman fiƙihun Malikiyya sun yi bayanin abin da za a yi idan wani sabon aibi ya sami dabbar a hannun mai saye kafin ya gano tsohon: ko dai ya riƙe ta a rage masa gwargwadon tsohon aibin, ko ya mayar da ita ya biya gwargwadon sabon. Ma'ana, kowa na ɗaukar nauyin aibin da ya auku a hannunsa. Tambayar da mai gyaran garanti zai yi ke nan idan kwamfutarka ta iso gabansa: wannan aibin a hannun wa ya samo asali?

Garanti iri uku ne, kuma wajibi ne ka san wanne ke hannunka. Na farko shi ne na kamfanin da ya ƙera na'urar, kamar HP, Dell ko Lenovo. Galibi shekara 1 ne ga sabuwar kwamfuta, kodayake wasu samfuran da ake sayar wa ma'aikatu suna zuwa da shekara 3. Na biyu shi ne na mai kanti, wato alkawarin da ɗan kasuwa ya yi maka da kansa, na mako ko na ƴan watanni. Yawancin kwamfutocin gwanjo da ake shigowa da su daga Turai da Amurka irin wannan kaɗai gare su, domin na kamfani ya daɗe da ƙarewa, kuma idan ba a rubuta shi a kan rasit ba, to fatar baki ce kawai. Na uku shi ne hakkin da doka ta ba mai saye. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta ɗora wa mai sayarwa nauyin sabbin kaya har shekara 2. Nijar ta kafa dokar kare hakkin masu saye a shekarar 2015, Najeriya kuma tana da tata dokar ta 2018 tare da hukumar da ke aiwatar da ita. Sai dai kowace doka iyakarta ƙasarta.

Shin ƙari yana kashe garanti?

Mutane da yawa sun ɗauka cewa da zarar an kwance noti ɗaya, garanti ya mutu. Ba haka abin yake ba a kowane hali. Abin da yawancin takardun garanti suka ƙunsa shi ne, kamfani ba zai ɗauki nauyin ɓarnar da canjin da ka yi ya jawo ba. Saboda haka yana da kyau ka raba canje-canje gida uku.

Gida na farko shi ne canjin da bai taɓa jikin na'ura ba. A nan akwai sanya manhajar rubuta haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, da sanya sababbin nau'o'in rubutu, da mayar da harshen kwamfuta daga Ingilishi zuwa Faransanci, har ma da cire Windows a sa Linux. Irin wannan bisa ga al'ada ba ya hana a gyara maka gilashi ko fanka ko madannai. Amma kamfani ba zai taimake ka a kan manhajar da ba shi ya sa ba, kuma mai gyara yana iya shafe kome ya mayar da manhajar asali domin ya yi gwajinsa.

Gida na biyu shi ne canjin da ake iya warwarewa. Misalinsa ƙara ma'adanar aiki da ake kira RAM, ko cire tsohon faifan ajiya mai juyawa a sa sabon nau'in da ake kira SSD domin na'ura ta ƙara sauri. A samfura da dama kamfanonin da kansu sun yarda mai na'ura ya canza irin waɗannan sassa, har suna wallafa littafin da ke nuna yadda ake yi. Garantin sauran sassan yana nan daram, matuƙar ba a fasa wani abu ba wajen buɗewa. Sai dai abin da ka ƙara ba ya cikin alkawarinsu. Idan ya lalace, wurin wanda ya sayar maka da shi za ka koma. Ka kuma sani cewa a yawancin siraran kwamfutocin zamani an liƙe ma'adanar aikin da dalma a jikin babban farantin da ke haɗa sassan na'ura, wanda za mu kira uwar na'ura. Irin wannan ba ya ciruwa, kuma taɓa shi ya fita daga wannan gida.

Gida na uku shi ne canjin da ba ya komawa: duk aikin da aka yi da dalma a kan uwar na'ura, ko huda jikinta domin iska ta shiga, ko farke batir a sauya ƙwayoyin cikinsa, ko yanke wayar caja. Wannan ne ke ba kamfani hujjar ƙin gyara.

Canje-canje biyu sun fi yawa a yankinmu saboda kusancinmu da iyaka, kuma dukansu ana iya kauce musu. Kwamfutar da aka sayo daga Sakkwato ko Kano takan zo da madannan Ingilishi, waɗanda layinsu na sama ya fara da QWERTY, alhali wanda ya yi makaranta a Nijar ya saba da na Faransanci masu farawa da AZERTY. Ba sai an ɓamɓare madannai ba. Ana sauya tsarinsu daga cikin Windows, wanda ke da tsarin Faransanci da na Hausa, sannan a manna ƴan takardun haruffa a kansu, waɗanda ake iya ɓarewa daga baya. Haka nan cajar takan zo da kai mai ƙafa uku masu kusurwa irin na Najeriya, alhali ramukan bangonmu galibi na masu ƙafa zagayayyu ne. A mafi yawan cajoji wayar da ke zuwa bango tana cirewa daga jikin cajar. Ka sayi wata wayar mai irin kan da kake so, ka ajiye ta asali. Kada ka sa mata reza.

Hatimin da ke kan noti

Wani lokaci za ka ga ƴar takarda manne a kan noti, an rubuta cewa garanti ya ɓaci idan an yage ta. A Amurka, wata doka ta 1975 ta hana kamfani ya ɗaure garantinsa da sharaɗin cewa sai da kayansa ko masu gyaransa kaɗai za a yi amfani, kuma a watan Afrilu na 2018 hukumar kula da ciniki ta ƙasar ta aika wa kamfanoni 6 takardun gargaɗi a kan irin waɗannan sharuɗɗa. Za ka iya cin karo da wannan labari a intanet, amma kada ya ruɗe ka. Dokar Amurka ba ta aiki a Ƙonni ko a Sakkwato. Sau da yawa ma hatimin na mai kanti ne, wanda ya manna domin ya san ko an musanya masa kayan ciki. Idan garantinka na mai kanti ne, kada ka yage hatiminsa a bayan idonsa. Ka kai masa na'urar a yi ƙarin a gabansa, ya rubuta a kan rasit, ya manna sabon hatimi.

Tambayoyi uku kafin ka ɗaure kaya

Tambaya ta farko: garantin yana da rai? A ƙarƙashin kowace kwamfuta akwai lambar da ta keɓanta da ita. Manyan kamfanonin suna da shafi a intanet inda za ka rubuta lambar, a nuna maka ranar da garanti ya fara da ranar da zai ƙare. Idan ka ga ya fara tun kafin ranar da ka saya, rasit ɗinka shi ne hujjar da za a gyara lissafin da ita.

Tambaya ta biyu: a ina za a cika alkawarin? Garantin kamfani yakan ɗauru da ƙasa ko yankin da aka sayar da na'urar, kuma ba kowane mai gyara ne kamfani ya amince da shi ba. Daga Ƙonni zuwa Yamai ya haura kilomita 400, zuwa Sakkwato kuwa kimanin kilomita 90 ne, ta ɗaya Illelar da ke ƙetaren iyaka. Amma kusa ba kullum take kusa ba. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, wato fiye da tsawon garantin shekara guda. An sake rufe iyakar bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ba a buɗe ta ba sai a Maris na 2024. Wa'adin garanti kuwa ba ya tsayawa jiran a buɗe iyaka. Don haka da zarar aibi ya bayyana, ka sanar da mai sayarwa ko kamfani a rubuce, ko da ta saƙon waya ne, ka ajiye shaidar ranar da ka sanar.

Tambaya ta uku: aibin na na'ura ne, ko na abin da ka ƙara? Ka sa a cire ƙarin, a mayar da kayan asali, a haɗa cajar asali, sannan a kunna. Idan matsalar ta gushe, ka huta da tafiya. Ka kuma duba abubuwan da garanti bai saba ɗauka ba: faɗuwa, da zubar ruwa ko shayi, da ƙonewa sanadiyyar hauhawar wutar lantarki ko ta janareta ko inbata maras kyau. Ƙurar hunturu da zafin bazara, wanda kan haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, suna toshe fanka har na'ura ta riƙa kashe kanta. Wannan sau da yawa shara kawai take bukata.

Matakan da za ka bi kafin aikawa

1. Kwafe duk ayyukanka a wurare biyu, misali a faifan waje da kuma makullin USB. Buɗe kwafin a wata kwamfutar ka tabbatar yana karantuwa. Idan na'urar ba ta kunnuwa, nemi masani ya ciro maka bayanan daga faifan, in dai samfurinta yana ba da damar cire shi.

2. Goge sirrin mutane. Rajistar cibiya tana ɗauke da sunayen matan aure, da lambobin wayarsu, da hotunansu. Littafin asusun ƙungiya yana nuna wanda ake bi bashi. Amana ce aka ba ka, kuma na'urar za ta bi ta hannuwa da yawa kafin ta dawo.

3. Cire duk abin da ka ƙara, ka mayar da na asali. Takardun garantin wasu kamfanoni sun umurci mai na'ura da ya yi haka, kuma sun nuna cewa sashen da aka cire wajen gyara ya zama mallakar kamfani. Idan ka bar sabon faifanka a ciki aka musanya shi, ba lalle ya dawo ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

4. Cire kalmar sirrin da aka sa a farkon kunnawa, wadda ake kira ta BIOS. Idan ana bukatar shiga Windows domin gwaji, buɗe wa mai gyara wani asusu na dabam wanda ba kome a cikinsa.

5. Idan faifanka a kulle yake da tsarin BitLocker, rubuta lambar buɗewa mai alƙaluma 48 a takarda ka adana. Yawancin sababbin kwamfutoci suna kulle faifai ba tare da mai su ya lura ba, kuma idan aka canza uwar na'ura za a iya tambayarka wannan lamba.

6. Ɗauki hoton na'urar ta kowace fuska, da hoton lambarta, da na cajarta, kafin ka rufe kwali.

7. Aika kwafin rasit, ka riƙe na asali. Idan za a ƙetare iyaka da na'urar, kwafin zai yi amfani a gaban jami'an kwastan.

8. Naɗe ta da abu mai laushi a cikin kwalinta na asali in yana nan. Bi ta ofishin aika saƙo na kamfanin sufuri inda za a ba ka takardar shaida, maimakon miƙa wa fasinja. Idan batir ya kumbura, kada ka caja shi, kada ka danne shi, kuma ka sanar da mai gyara kafin ka aika, domin yana iya kama wuta.

9. Idan kwamfutar ta ma'aikata ce ko ta wani shiri, kada ka aika da ita bisa raɗin kanka. Sau da yawa rasit da yarjejeniyar garanti suna hannun ofishin da ya saye ta, kuma shi ne mai hakkin nema.

Faɗi gaskiya a rubuce

Wani zai ce maka ka mayar da kome yadda yake, ka yi shiru. Mayarwa daidai ne, amma shirun ba shi da amfani. Mai gyara yana gane notin da sukudireba ta taɓa, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne. Idan ya gano abin da ka ɓoye, zai yi shakkar duk sauran maganarka. Ka haɗa na'urar da gajeriyar wasiƙa, da Faransanci ko Ingilishi gwargwadon inda za ta, mai ɗauke da lambar na'ura, da ranar saye, da bayanin aibin, da ranar da ya fara, da canjin da ka taɓa yi, da kuma cewa ka mayar da kayan asali. Ka ƙara da cewa kada a yi wani aikin da za a caje ka kuɗi sai an nemi yardarka. Wanda ya ƙara ma'adanar aiki, sannan maƙalar murfin kwamfutarsa ta karye, ba shi da abin ɓoyewa, domin babu abin da ya haɗa su biyun.

Idan ta dawo, ko kuma an ƙi gyarawa

Ranar da na'urar ta dawo, buɗe ta a gaban wanda ya kawo. Gwada lambarta da wadda ke kan rasit. Duba yawan ma'adanar aiki da girman faifai. Karɓi takardar da ke nuna aikin da aka yi. Yi aiki da ita kwana biyu ko uku yadda take kafin ka mayar da ƙarinka, domin idan aibin ya dawo kada a ɗora wa ƙarin laifi. Ka sani kuma cewa sashen da aka sa maka ba lalle ya zama sabo fil ba, kuma galibi ragowar wa'adin garantin farko ne ke kansa. Idan an canza uwar na'ura, tabbatar Windows bai nemi sabon lasisi ba, domin tun daga Windows 8 na 2012 ana ajiye lasisin ne a jikin uwar na'urar.

Idan kuwa an ƙi gyarawa, kada ka tayar da jijiyar wuya. Nemi a rubuta maka dalili, tare da hoton ɓarnar da aka ce kai ka jawo. Tambayi wane sharaɗi ne na takardar garanti aka dogara da shi, da yadda canjin da ka yi ya haddasa wannan aibin. Idan amsar ba ta gamsar da kai ba, kai kuka ga kamfanin da kansa ta shafinsa, ko ga shugabannin ƴan kasuwar da mai kantin yake cikinsu, ko ga ƙungiyar kare hakkin masu saye, ko ofishin ma'aikatar ciniki na jiha. In kuwa ka san a ranka cewa ɓarnar daga hannunka take, nemi a faɗa maka kuɗin gyara, ka auna shi da na ƙwararren mai gyara na kusa da kai.

Ga wanda bai saya ba tukuna

Tun ran gini tun ran zane. Ranar saye ka tambayi mai kanti: garantin na wane ne, na tsawon wane lokaci, a wane gari ake gyara, wa zai biya kuɗin mota, kuma an yarda a ƙara ma'adana ko a canza faifai? A rubuta amsoshin a kan rasit tare da lambar na'ura da hatimin kanti. Sayen kwamfuta ba tare da wannan ba cinikin biri ne a sama. Idan kana da hali, sayi mai ƙarfin da kake bukata tun farko. In ba haka ba, duk abin da aka cire daga cikinta ka sa shi a leda, ka rubuta ranar a jiki, ka ajiye shi tare da rasit da kwali har wa'adin garanti ya cika. Kada ka bar wa mai gyara shi a matsayin ragin kuɗin aiki.

Ga shugabannin cibiyoyi da ƙungiyoyi, shawara ita ce a ware shafi guda a littafin kaya domin kowace kwamfuta, a rubuta lambarta, da ranar saye, da ranar ƙarewar garanti, da duk canjin da aka yi mata, da sunan wanda ya yi. A kuma tsayar da rana ɗaya a kowane mako ta kwafe ayyuka. Abokiyar aikina da na ba ka labarinta ta sake rubuta littafinta daga ƴan takardun da ta taɓa bugawa, kuma tun daga lokacin kowace Alhamis sai ta kwafe aikinta kafin ta rufe ofis.